Tarihin Mahaɗa a Ilmin Injuna: Daga Sandunan Watt Zuwa Kwaikwayon Motsi da Matsi a Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Kowane inji da ɗan Adam ya ƙera, tun daga keken ɗinki har zuwa jirgin sama, tarin sassa ne waɗanda aka haɗa su ta yadda wani zai motsa a jikin wani bisa ƙa'ida. Wurin da sassa biyu suka gamu, wanda kuma yake ƙayyade irin motsin da ɗayansu zai iya yi game da ɗan'uwansa, shi ne muka kira mahaɗa a cikin wannan takarda. A zamanin nan injiniya yakan zana sassan injinsa a kwamfuta, ta hanyar da aka fi sani da CAD, sa'an nan ya harhaɗa su, ya faɗa wa manhaja irin mahaɗar da ke tsakanin kowane sashe da maƙwabcinsa. Daga nan sai ya nemi manhajar ta kwaikwayi motsin injin, ta kuma nuna masa inda ƙarfe zai sha wuya, tun kafin a kai ga yanka ƙarfen a masana'anta.

Zaɓen mahaɗa aiki ne na 'yan daƙiƙoƙi a gaban kwamfuta, saboda haka ɗalibai da yawa suke ɗaukarsa ƙaramin abu, alhali kuwa a kansa ne dukkan amsoshin da za su biyo baya suka rataya. Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin tarihin wannan aiki. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa mahaɗar da ke cikin kwamfuta gado ce da aka tattaro daga makarantu uku, kowace da tambayar da ta sa a gaba. Ta farko ta nemi sanin yadda sassa za su motsa, ta biyu ta nemi sanin ƙarfin da ke bi ta cikin mahaɗa yayin motsin, ta uku kuwa ta nemi sanin ko ƙarfen zai jure. Wanda bai san da wannan rabuwa ba yakan amsa wa kwamfuta tambaya ta farko, ya zaci ya amsa duka ukun.

1.1 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kafin mu shiga cikin tarihin, ya kamata mu daidaita a kan kalmomi huɗu. Sashen da ba a ɗaure shi da kome ba yana da hanyoyin motsi shida: yana iya zamewa ta fuskoki uku, watau gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa, yana kuma iya juyawa a kan layuka uku. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ita ce muka kira 'yancin motsi. Duk sharaɗin da ya hana ɗaya daga cikinsu mun kira shi dabaibayi, domin aikinsa ɗaya ne da na igiyar da ake sa wa dabba a ƙafa. Sandararren jiki shi ne sashen da ake ƙaddara cewa ba ya lanƙwasa ko miƙewa kome nauyin da aka aza masa. Matsin ciki kuwa shi ne rabon ƙarfin da kowane ɗan fili na cikin jikin ƙarfe yake ɗauka, wanda idan ya wuce iyaka sai ƙarfen ya lanƙwashe ko ya tsage.

2.0 Matsalar Miƙaƙƙen Layi

Masana sun fara raba sha'anin motsi da sha'anin ƙarfi tun a ƙarni na 18. A shekarar 1775 Leonhard Euler ya nuna cewa ana iya kasa binciken motsin sandararren jiki kashi biyu, a fara duban sauyin matsayi shi kaɗai ta fuskar lissafin siffofi, daga baya a dubi abin da ya jawo motsin. Amma abin da ya tilasta wa maƙera su kula da mahaɗa shi ne injin tururi.

Tsofaffin injunan tururi suna jan wani babban gungume ne da sarƙa. Da James Watt ya ƙera injin da tururi ke tura fistin ɗinsa sama da ƙasa duka biyu, sai sarƙa ta zama ba ta da amfani, tun da yake sarƙa ja take yi, ba ta turawa. Ga shi kuma sandar fistin dole ta bi miƙaƙƙen layi, bakin gungumen kuwa baka yake zagawa, kuma maƙeran wancan zamani ba su iya goge doguwar hanyar zamiya mai santsi yadda ake bukata ba. Watt ya warware matsalar da sanduna da fil-fil ɗin juyi kawai, ya sami takardar mallakar wannan dabara a 1784. Layin da sandunansa suke zanawa yana da 'yar karkata kaɗan, amma ya wadatar. An daɗe ana neman tsarin da zai ba da miƙaƙƙen layi sosai, har sai da wani hafsan sojan Faransa, Charles Peaucellier, ya fito da shi a 1864.

A tsakanin nan malamai sun yi ta ƙoƙarin kasafta injuna. Lanz da Bétancourt sun buga littafinsu a Faris a 1808, inda suka jera na'urori bisa irin motsin da suke karɓa da wanda suke bayarwa. A 1834 André-Marie Ampère ya raɗa wa wannan fanni suna, watau kinamatika, ilmin motsi ba tare da duban ƙarfi ba. Robert Willis na Jami'ar Kambirij ya biyo baya da nasa littafin a 1841. Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan sun fi mai da hankali ga na'urar gaba ɗayanta, mahaɗa ba ta riga ta zama abin nazari mai zaman kansa ba.

3.0 Makaranta ta Farko: Reuleaux da Tagwayen Sassa

Wanda ya ɗora mahaɗa a tsakiyar ilmin injuna shi ne Bajamushen nan Franz Reuleaux, wanda ya rayu daga 1829 zuwa 1905, ya koyar a Zurik, daga baya kuma a Barlin. A littafinsa mai suna Theoretische Kinematik, wanda ya fito a 1875, Alexander Kennedy kuma ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1876, ya nuna cewa tubalin ginin inji shi ne tagwayen sassa masu riƙe da juna, kamar sanda da ramin da take juyawa a ciki. Idan aka jera tagwaye suka zama sarƙa, sa'an nan aka kafe ɗaya daga cikin sassan a ƙasa, to, an sami na'ura. Idan aka sauya sashen da aka kafe, sarƙar nan ɗaya sai ta ba da wata na'ura dabam. Wannan shi ne asalin matakin farko da kowace manhajar harhaɗawa take nema a yau, watau a zaɓi sashen da za a kafe.

Reuleaux ya raba tagwaye gida biyu. Na ƙasa su ne masu taɓa juna fuska da fuska, na sama kuwa su ne masu taɓa juna a kan layi ko ɗigo, kamar haƙoran giya. Tagwayen ƙasa, kamar yadda aka daidaita a kansu daga baya, iri shida ne:

(a) mai juyi, kamar hinjin ƙofa, wanda yake barin 'yanci 1;
(b) mai zamiya, kamar aljihun tebur, shi ma 'yanci 1;
(c) mai zare, kamar noti a jikin ƙusarsa, inda juyi da zamiya suke ɗaure da juna, 'yanci 1;
(d) mai siffar silinda, wanda yake juyawa yana kuma zamewa, 'yanci 2;
(e) mai ƙwallo, kamar gaɓar ƙugun mutum, 'yanci 3;
(f) mai shimfiɗa, kamar faranti a kan tebur, 'yanci 3.

Domin koyarwa, Reuleaux ya tara samfuran na'urori na ƙarfe da tagulla kimanin 800 a Barlin. Mafi yawansu sun salwanta a Yaƙin Duniya na Biyu, amma Jami'ar Cornell ta Amurka ta sayi kwafin wasu a 1882, kuma fiye da 200 daga cikinsu sun tsira a can.

3.1 Ƙidayar 'Yanci da Inda Take Tuntuɓe

Da aka san yawan 'yancin da kowace mahaɗa take ragewa, sai aka ga ana iya ƙirga motsin na'ura tun daga kan takarda. Pafnuty Chebyshev na Rasha ya taɓo wannan lissafi a 1869, Martin Grübler ya faɗaɗa shi a 1883, Karl Kutzbach kuma ya ba da siffarsa ta na'urori masu motsi a sarari a 1929. Ƙa'idar mai sauƙi ce. A ninka yawan sassa masu motsi sau 6, sa'an nan a ɗebe jimlar dabaibayin da mahaɗu suka sa. Abin da ya rage shi ne 'yancin na'urar.

Sai dai akwai inda ƙidayar take ba da amsar da ido ya ƙaryata. Mu ɗauki ƙofa mai hinji biyu. Ƙofar tana da 'yanci 6, kowane hinji kuma yana ɗebe 5, watau 10 ke nan. Shida a ɗebe goma ya bar 4 ƙasa da sifiri, wanda yake nufin ƙofar a kafe take, ga shi kuwa kullum muna buɗe ta muna rufewa. Dalili shi ne, hinji na biyu yana maimaita sharuɗɗan da na farko ya riga ya sa, muddin dai su biyun suna kan layi ɗaya. Dabaibayi 5 ke nan suka yi rara. Haka ma na'ura mai sanduna huɗu, irin wadda take haɗa matakin keken ɗinki da ƙafar juyinsa: sassa uku masu motsi sun ba da 18, mahaɗu huɗu masu juyi sun ɗebe 20, amma na'urar tana da 'yanci 1, saboda haka rarar dabaibayi 3 ce. Tun a 1853 Pierre Sarrus ya nuna na'ura irin wannan mai motsi a sarari, Geoffrey Bennett kuma ya nuna wata mai ban mamaki a 1903. Ga masu nazarin motsi kaɗai, rarar dabaibayi abin sha'awa ce kawai. Za mu ga yadda ta zama babbar matsala da aka zo tambaya ta biyu.

4.0 Makaranta ta Biyu: Ƙarfin da ke Cikin Mahaɗa

Tushen wannan makaranta ya girmi Reuleaux. A 1788 Joseph-Louis Lagrange ya buga Mécanique analytique a Faris, littafin kimiyyar motsi wanda babu zane ko ɗaya a cikinsa. A wurin Lagrange, dabaibayi jimlar lissafi ce wadda tilas matsayin sassa ya cika ta. Kowace irin wannan jimla tana zuwa da wani adadi da ba a sani ba, wanda idan aka warware shi sai a ga ashe shi ne ƙarfin da mahaɗa take yi domin ta hana sashen kaucewa. Ke nan kowane dabaibayi yana da ƙarfinsa guda. Wannan dabara ta yi kusan shekara 180 tana jiran na'urar da za ta iya ɗaukar nauyin lissafinta.

A 1955 Jacques Denavit da Richard Hartenberg na Jami'ar Northwestern suka nuna yadda za a rubuta alaƙar kowace mahaɗar ƙasa da mai bi mata da adadi huɗu a cikin jadawalin lambobi, abin da ya sa kwamfuta ta iya karanta sarƙar Reuleaux. A 1963 Ivan Sutherland ya gabatar da Sketchpad a cibiyar MIT, inda mutum yake zane da alƙalamin haske a fuskar kwamfutar TX-2, yana sa wa layuka sharuɗɗa, yana kuma motsa sandunan na'ura yana kallo.

Manhajojin kwaikwayon motsi na sosai sun ɓullo a farkon shekarun 1970, suka kuma bi hanyoyi biyu. A Jami'ar Wisconsin, Pradip Sheth da John Uicker sun fito da IMP a 1972, wadda take bin sarƙar mahaɗu tana lissafi da 'yancin da kowace ta bari. A Jami'ar Michigan kuwa, inda Milton Chace yake jagorancin bincike, Nicolae Orlandea ya kammala digirinsa na uku a 1973 da manhajar ADAMS. Ita tana ba kowane sashe cikakken 'yancinsa shida, sa'an nan ta rubuta kowace mahaɗa a matsayin jimlolin dabaibayi irin na Lagrange. Jimlolin suna da yawa ƙwarai, amma mafi yawan gurabun jadawalinsu sifiri ne, kuma ta yi amfani da hanyar warwarewa da C. W. Gear ya wallafa a 1971. An kafa kamfanin Mechanical Dynamics a garin Ann Arbor a 1977 domin sayar da ita, kamfanin MSC kuma ya saye shi a 2002. Edward Haug na Jami'ar Iowa ya bi irin wannan hanya da manhajar DADS.

A nan ne rarar dabaibayi ta nuna illarta. Idan jimloli biyu suna faɗin abu ɗaya, babu yadda za a raba ƙarfi a tsakaninsu ta hanyar lissafin sandararrun jikuna. Abin da manhaja takan yi shi ne ta jefar da jimlolin da suka yi rara, ta ci gaba da aiki. Motsin zai fito daidai, amma rabon ƙarfin ya zama na ganin dama. Mu koma ga ƙofarmu, mu ƙaddara nauyinta kilo 40 ne, faɗinta mita 0.9, tazarar hinjinta kuma mita 1.5. Nauyin ya kai kimanin niyuton 392, yana aiki a nisan mita 0.45 daga layin hinji, saboda haka ƙarfin da ke neman kifar da ita ya kai kimanin niyuton-mita 177. A zahiri, hinjin sama ana fizgarsa da kimanin niyuton 118, na ƙasa kuma ana danna shi da daidai wannan. Amma idan aka sa wa hinjin biyu mahaɗa mai juyi, manhaja tana iya ɗora kome a kan guda ɗaya ta bar ɗayan babu kome. Maganin da masana suka saba bayarwa shi ne a sa mai ƙwallo a hinjin ƙasa, wadda take ɗebe 3, a sa wa na sama sharaɗin zama a kan layi, wanda yake ɗebe 2. Jimla 5 ke nan, babu rara, kuma injiniya da kansa ya yanke shawarar cewa hinjin ƙasa ne zai ɗauki nauyin tsaye.

5.0 Makaranta ta Uku: Juriyar Ƙarfe

Makaranta ta uku ta taso ne daga masana'antar jiragen sama. A 1956 Turner da Clough da Martin da Topp suka wallafa hanyar da ake gutsuttsura jikin abu zuwa ƙananan yankuna masu sauƙin lissafi, a ɗinke su a kusurwoyinsu, a warware su gaba ɗaya. Ray Clough na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley shi ya raɗa wa hanyar sunan da aka san ta da shi a 1960. Hukumar NASA ta ɗauki nauyin manhajar NASTRAN a tsakiyar shekarun 1960, John Swanson kuma ya kafa kamfanin da ya fito da ANSYS a 1970.

Ga wannan makaranta babu sandararren jiki, kome yana lanƙwasa, saboda haka mahaɗar Reuleaux, wadda ɗigo ne da layi marasa faɗi, ba ta isa ba. Idan aka aza ƙarfi a kan ɗigo ɗaya, matsin ciki da lissafi yake bayarwa a wurin sai ya yi ta hauhawa duk lokacin da aka ƙara ƙanƙanta yankunan, ba ya tsayawa a kan wani adadi. Tilas ne a shimfiɗa ƙarfin a kan fili. Fil ɗin da ke cikin rami rabin bangon ramin kawai yake dannawa, kuma dannawar ta fi tsanani a tsakiya. Heinrich Hertz ya riga ya yi lissafin matsin da ke tsakanin jikuna biyu masu taɓa juna a 1882. Saint-Venant kuma ya nuna a 1855 cewa nesa da wurin da aka aza ƙarfi, yadda aka shimfiɗa shi ba ya sauya amsa sosai. Wannan ƙa'ida tana kwantar da hankali ga tsakiyar sanda, amma ba ta ce kome ba game da bakin rami, inda tsagewa ta fi farawa.

NASTRAN ta tanadi hanyoyi biyu na ɗaure ɗigo da fili. Wadda ake kira RBE2 tana sandarar da filin gaba ɗaya, har ramin ya fi yadda yake a zahiri tauri. RBE3 kuwa tana raba ƙarfin ba tare da ƙara tauri ba. A 1968 Roy Craig da Mervyn Bampton suka kawo hanyar taƙaita jiki mai lanƙwasa zuwa 'yan siffofin girgizarsa da wuraren haɗuwarsa, wadda daga baya ta zama gadar shigar da sassa masu lanƙwasa cikin kwaikwayon motsi.

6.0 Haɗuwar Makarantun a Cikin CAD

Har zuwa ƙarshen shekarun 1980, waɗannan ayyuka uku mutane dabam-dabam ne suke yin su, da manhajoji dabam-dabam. Fitowar Pro/ENGINEER a 1988 ta yaɗa tsarin harhaɗa sassa ta hanyar sharuɗɗa, kamar a ce wannan fuska ta manne da waccan, wannan rami ya daidaita da wancan. SolidWorks ta biyo baya a 1995, Autodesk Inventor kuma a 1999. Manufar waɗannan sharuɗɗa ita ce ajiye sashe a gurbinsa, saboda haka rara ba ta damun mai zane. Da kamfanoni suka fara cusa kwaikwayo cikin manhajar zane, kamar yadda PTC ya yi bayan ya sayi kamfanin Rasna a 1995, sai aka riƙa juya sharuɗɗan ajiyewa kai tsaye zuwa mahaɗun motsi, rarar da ke cikinsu kuma ta biyo su.

Fusion 360, wadda ta fito a 2013, ta ɗauki wata hanya. Maimakon a tara sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya, sai a zaɓi mazaunin mahaɗa a jikin kowane sashe, a faɗi 'yancin da aka bari. Biyar daga cikin nau'o'in mahaɗarta su ne mai juyi, mai zamiya, mai silinda, mai shimfiɗa da mai ƙwallo, watau tagwayen ƙasa da muka lissafa a baya in ban da mai zare. Onshape ita ma ta bi irin wannan tafarki. Ashe ke nan bayan kusan shekara 140 an komo ga rabon Reuleaux. Amma komowar ta amsa tambaya ta farko ce kaɗai. Nauyin sassa, da guga, da ratar da ke tsakanin fil da raminsa, da taurin bushin na roba, da ƙarfin ɗaurin noti, duk suna nan suna jiran injiniya ya cika su da hannunsa. Har wa yau, idan aka wuce zuwa gwajin matsin ciki, manhajoji da yawa sukan ɗauki duk fuskokin da ke taɓa juna a matsayin mannannu kamar an yi musu walda, in ba an sauya ba. Ta haka hinjin da yake juyawa a gwajin motsi yakan wayi gari a daskare a gwajin matsi.

7.0 Abin da Tarihi ya Nuna

Akwai aukuwa uku da suka nuna tsadar saɓani tsakanin mahaɗar lissafi da ta zahiri. Ranar 18 ga Janairu, 1978, rufin babban zauren wasanni na birnin Hartford a Amurka ya rufta saboda nauyin ƙanƙara, sa'o'i shida bayan mutane kimanin 5,000 sun watse daga kallon ƙwallon kwando. An tsara rufin da kwamfuta, lissafin kuma ya ɗauka cewa sandunan sama suna da tokari a tsakiyarsu, amma yadda aka haɗa tokaran a zahiri bai hana su lanƙwashewa ba. Tun ana ginin an auna lotsawar rufin an ga ta ninka abin da kwamfuta ta faɗa sau biyu, amma aka gaskata kwamfutar.

A watan Afrilu na 1991, eriyar kumbon Galileo mai siffar laima ta ƙi buɗewa sosai, domin uku daga cikin haƙarƙarinta 18 sun maƙale. Bincike ya danganta abin ga gogewar busasshen man da ke jikin fil-fil ɗin riƙo, sakamakon girgizar doguwar tafiya a mota tsakanin Kalifoniya da Fulorida kafin a harba kumbon. Siffar mahaɗar ba ta sauya ba, gugar da ke cikinta ce ta ƙaru.

Ranar 23 ga Agusta, 1991, gindin kankare na dandamalin haƙar iskar gas na Sleipner A ya nutse kusa da Stavanger a ƙasar Norwe yayin gwaji. An gano cewa yadda aka gutsuttsura wurin gamuwar bangaye a cikin lissafi ya sa an rage ƙiyasin matsin ciki da kashi 47 cikin ɗari. An ƙiyasta hasarar a kan dala miliyan 700. Biyu daga cikin waɗannan gine-gine ne marasa motsi, amma darasinsu ɗaya ne da na injuna, domin a duka ukun wurin gamuwa ne ya ci amana.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da tsarin aiki wanda kowane mataki nasa yana da asali a tarihi. A fara da kafe sashe ɗaya, kamar yadda Reuleaux ya koyar. A zaɓi mazauni da layin kowace mahaɗa, a kuma ƙirga 'yanci da hannu bisa ƙa'idar Grübler da Kutzbach, a gwama da abin da manhaja ta faɗa. Idan an sami rara, a sauya nau'in mahaɗa ko a sa mai ɗan lanƙwasa, domin shawarar rabon ƙarfi ta zama ta injiniya. A tabbatar da kayan kowane sashe, tun da mita ɗaya mai fuska shida ta baƙin ƙarfe tana da nauyin kilo kimanin 7,850, ta alminiyam kuwa kimanin 2,700, kuma kuskure a nan yana bin kowane ƙarfi da za a lissafa. A cika guga da iyakar motsi da abin da ke tuƙa na'urar. Sa'an nan, idan za a ɗauki ƙarfin mahaɗa zuwa gwajin matsin ciki, a zaɓi lokacin da ya fi tsanani, a haɗa da ƙarfin da saurin sashen yake jawowa, a shimfiɗa shi a kan filin da yake ɗaukarsa a zahiri. Daga ƙarshe a jarraba amsa da lissafin hannu, ko da mai sauƙi ne irin na ƙofar da muka kawo.

Shawararmu ga malaman da ke wannan taro ita ce, kada a raba koyar da manhaja da koyar da ilmin na'urori. Ɗalibin da ya ƙirga 'yancin matakin keken ɗinki a kan allo, ya ga lissafi ya ce ba zai motsa ba alhali ga shi yana motsi, ba zai yi watsi da gargaɗin rarar dabaibayi ba idan kwamfuta ta nuna masa. Kalmomin da muka yi amfani da su a nan, kamar dabaibayi da matsin ciki da tagwayen ƙasa, mun gabatar da su ne domin mahalarta su tattauna a kansu, su gyara wanda ya kamata a gyara, ta yadda za a sami daidaitattun kalmomin koyar da wannan fanni da harshen Hausa.